Rigar Labaran a Ƙofar Madam

Labaran mutumin wani ƙauye ne a gefen Matamai, cikin ƙasar Damagaram. Ni kuwa sunana Halliru, Bakano ne ɗan Ɗambatta. Kowa ya san tsakanin Bakano da Badamagare wasa ne tun na kakanni, shi ya sa ranar da aka shigo da shi ɗakinmu a masaukin ma'aikata na Dubai Investments Park, cikin shekarar 2005, bai ko ajiye jakarsa ba na ce, "To, bawana ya iso." Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini jakar, ya ce in karɓi kayan ubangidana. Daga ranar nan kwanonmu ɗaya.

Manomi ne na gidi. Gero da gyaɗa da damina, lambun albasa da rani. Wani ɗan'uwansa ɗan kasuwa ne ya kawo shi Dubai, ya shekara guda yana ɗaurin kaya a kasuwar Murshid Bazaar, yana naɗe dila-dilan atamfa da takalma da za a tura Kano da Yamai, har bayansa ya ce ba zai iya ba. Sai ya samu shiga kamfanin da nake yi wa aiki, masu kula da lambunan gidajen Turawa. Ni ke tuƙa a-kori-kurar kamfanin, ina sauke masu lambu gida-gida da safe, in kwashe su da la'asar. Gajere ne, maganarsa ba ta da yawa, amma shukar da ta fara mutuwa a hannun wani in aka ba shi sati biyu sai ka ganta ta miƙe. Ya bar matarsa Uwa da 'ya'ya mata uku a gida, kuma duk Juma'a sai ya kira ya tambayi lafiyarsu, ya tambayi lafiyar akuyoyi ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Abu ɗaya ne ya bambanta shi da sauran mutane, wato yadda yake tsaron kayan jikinsa. In ya je aski sai ya tsugunna ya tsince gashinsa ya ƙulle a takarda. In ya yanke farce ba ya bari ko ɗaya ya faɗi. Mu takwas ne a ɗaki, igiyar shanya tana cike kullum, amma ba a taɓa ganin rigar Labaran a kanta ba. Yana da wata tsohuwar taguwa shuɗiya da ta koɗe, Uwa ta yi mata faci a kafaɗa da koren zare, da malfar kaba da ya zo da ita daga gida. Da su yake aikin lambu. In ya tashi aiki ya wanke rigar a famfon lambu, ya riƙe ta a rana da hannunsa har ta bushe, ya kulle su a akwatin ƙarfe cikin ɗakin ajiyar kayan aiki na gidan da yake kula da shi. Makullin kuma yana ƙarƙashin tukunyar fure ta uku daga ƙofa. Ni kaɗai na san wannan, don a gabana yake ajiyewa.

Na yi masa tsiya a kan haka har na gaji. Wata rana muna cin abinci na matsa masa, sai ya ajiye lomarsa ya ba ni labarin yayansa Ado. Wata kaka ce, Ado ya shanya rigarsa a kan darni ta ɓata. Bayan kwana uku aka tsince ta a bakin daji, an cusa mata karan gero an tsayar kamar mutum, gefe ɗaya ya ci wuta. Ado ya kwanta da zazzaɓi, yana cewa ƙirjinsa ne ke ci, bai ga kasuwa biyu ba ya rasu.

"Sanƙarau ne ko shawara," na ce masa. "Ku Damagarawa komai sammu."

"Ni na zuba wa mai wankan gawarsa ruwa," ya ce. "Na ga ƙirjin." Ya ɗauki lomarsa ya ci gaba da ci.

Gidan da yake yi wa aiki yana cikin wata unguwar Turawa mai katanga, ba nisa da masaukinmu. Matar gidan Ba'amurkiya ce, mijinta Baturen Ingila, kowa Madam yake ce mata. Mace ce mai fara'a, tana son Labaran saboda furanninta. Akwai kuma Sabina, 'yar Kagoro, ita ke yi musu girki da shara, ita ce bakin Labaran in zai yi magana da Madam, don shi Faransanci ya ɗan taɓa a makaranta, Turancinsa bai wuce gaisuwa ba.

Cikin Oktoban 2007, bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki, kamfani ya kwashi Labaran da wasu aka kai su gwajin jini na sabunta biza. Ranar ce kuma aka aike ni gidan Madam da kaya cike da mota. Wai kaka ta shigo a ƙasarsu, za ta yi wa barandar ƙofar gida ado irin na kaka. Kaka a Dubai! Garin da ba a girbe komai sai gine-gine. Na sauke damin ciyawa uku da aka sayo wurin masu abincin dawaki, da busasshen karan masara, da jajayen ganyayen roba cikin kwali, da kabewa manya-manya guda bakwai da aka ce jirgin sama ne ya kawo su. Madam ta ɗaure karan a jikin ginshiƙan baranda, ta jera kabewar a kan matakala, ta ɗauki wuƙa ta huda biyu ta yi musu ido da haƙora. Sabina tana kwashe cikin kabewar tana zubawa a kwandon shara, tana tsaki ƙasa-ƙasa, don ita ma ta san abin taushe ne ake wulaƙantawa.

Daga ƙarshe Madam ta fito da kujerar katako ta ce saura mutum-mutumi. Ta tambaye ni ko akwai tsofaffin kayan manomi da ba a so, riga da hula, irin waɗanda suka sha rana.

Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, ni na yi. Tun kafin ta rufe baki dariya ta kama ni. Na hango fuskar Labaran gobe da safe, na hango yadda zan ba da labarin a ɗaki kowa ya faɗi ƙasa. Na je na ɗaga tukunya ta uku, na buɗe akwatin, na kawo mata shuɗiyar riga da malfa. Ta tambaya ko na Labaran ne, na ce ya daina sawa. Ta yi murna ƙwarai. Muka cusa wa rigar ciyawa ni da ita, ta kawo tsohon wandon mijinta, ta yi kai da rigar matashin kai, ta zana ido biyu da baƙin alƙalami, ta kifa malfar. Don ta girmama shi, a ganinta, sai ta rubuta sunansa a ɗan allo ta rataya wa abin a wuya. Na mayar da makulli inda yake na tafi ina murmushi.

Washegari na sauke shi a ƙofar gidan, na ƙi jan mota don in sha kallo. Ya buɗe ƙyauren waje, ya yi taku uku, ya tsaya. Ga shi can zaune a kan kujera, da malfarsa da koren facin Uwa a kafaɗa, kabewa biyu suna yi masa dariya a ƙafa. Na jira ya juyo ya zage ni. Bai juyo ba. Gorar ruwan da ke hannunsa ta faɗi ta gangara, na ji yana innalillahi da wata murya da ban san shi da ita ba. A nan dariyata ta maƙale.

Na sauko na ce, "Haba bawana, mutum-mutumi ne fa. Ba kwa yi a gonakinku?"

"Muna yi," ya ce, bai ɗauke ido daga kan abin ba. "Na gona tsuntsu yake kora. Wannan me yake kora? Ina hatsin? Kuma na gona wa ya taɓa rubuta masa suna?"

A lokacin ya kamata in ce ni ne, in shiga in roƙi Madam. Amma dokar kamfani a bayyane take, duk wanda ya buɗe akwatin wani an kore shi, kuma fasfo ɗinmu duka yana ofis. Na ce a raina bari ya huce tukuna, zuwa gobe.

Gobe ta zo da abin da ya fi. Sabina ta same mu a bayan gida ta ce ta ji maigidan yana waya. Juma'ar farkon Nuwamba shi da abokansa za su fita cikin rairayi su haɗa babbar wuta, al'adar ƙasarsu ce duk shekara, kuma sukan ɗora mutum-mutumi a kai su ƙona. Bana ba sai sun wahalar da kansu ba, ga na baranda. Ta faɗi haka tana ɗaure ɗankwali, ba ta san me ta faɗa ba. Labaran ya zauna a ƙasa ya dafe ƙirji. Saura kwana goma sha shida.

Da ta ji labarin Ado, Sabina ba ta yi dariya ba, ta ce a garinsu ma an san irin wannan. Ta ce za ta gaya wa Madam. Labaran ya haɗa ta da Allah kada ta ambaci sammu, don a masauki kullum ana labarin baƙar fatar da aka kama saboda laya ko rubutu aka mayar gida, ko gaskiya ne ko ƙarya ba wanda ke son gwadawa. Saboda haka abin da Sabina ta iya faɗa kawai shi ne Labaran yana son rigarsa. Madam ta ji tausayi, ta ɗauka ba shi da wata. Da yamma ta aiko masa da sababbin riguna biyu cikin leda, masu kyau, ta ce ya bar wa mutum-mutumi tsohuwar. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya ajiye su a kan akwatin, bai ko buɗe ledar ba.

Daga nan Labaran ya fara zubewa. Ya daina sa hannu a kwanonmu, sai ya sayi gurasar Larabawa da shayi ya koma bakin katanga ya ci shi kaɗai. Ya bar gadonsa da ke ƙarƙashin nawa ya yi musaya da wani ɗan Nepal a bakin ƙofa. Takalmansa da sabulunsa da buroshinsa duk ya tura cikin jaka ya sa kwaɗo. A mota ya daina zama gaba kusa da ni, sai baya cikin tukwanen fure, rana tana dukansa. Na ce a raina tsoro ne ya taɓa masa kai.

Kuma dole kowace safiya ya shayar da furannin da ke barandar, dab da ƙafar abin. Da baya-baya yake zuwa, bakinsa na motsi, ya miƙa tiyo ba tare da ya duba ba. Zafin garin bai bar adon Madam lafiya ba. Kabewar da aka huda suka fara ruɓewa, bakinsu ya lotsa, ƙudaje suka samu gida. Ciyawar cikin rigar ta kwanta, sai mutum-mutumin ya ranƙwafa, kafaɗa ɗaya ta sauka, kai ya sunkuya. Wata safiya na dube shi, na dubi Labaran da ke tsaye da tiyo, wallahi zamansu ɗaya, kafaɗar hagu ce ta sauka a duka biyun. Ni da nake cewa sanƙarau ne, ni ne na riƙa karanta Falaƙi da Nasi ina tuƙi. Na ji tsoro sosai, tsoron kada ya mutu, da tsoron kada a san ni ne sila, kuma na biyun ya fi ƙarfi, Allah ya yafe mini.

Saura kwana huɗu ya fara cewa ƙirjinsa na zafi. Sabina ta ba shi maganin gyambon ciki, ta ce yunwa ce, mutum ba ya rayuwa da gurasa da shayi. Ya karɓa daga hannunta ya sha. Na kawo masa madara ya ce ya ƙoshi. Ranar Laraba, ba Juma'a ba, na ji shi yana waya da Uwa a bayan ɗaki, yana gaya mata wanda za ta ba ajiyar gonar lambu, da wadda za a fara aurarwa cikin akuyoyi, wato sayarwa, don haka yake faɗa in yana wasa. Ranar ba wasa a muryarsa.

Ranar Alhamis da azahar, ana gobe za a ƙona, foman ɗinmu ya kira ni a waya ya ce in zo in kai shi gidan Madam maza, an yi ɓarna. Muka isa muka tarar da mai gadin unguwa ya riƙe Labaran a hannun riga. Madam da mijinta ba sa nan. Baranda kaca-kaca, ciyawa ta watse har matakala, kujera ta kife, karan masara ya zube, kabewa ɗaya ta fashe inda ya taka ta. Ɗan allon sunansa ya karya shi biyu. Shuɗiyar rigar kuwa tana jikinsa, ya sa ta a kan kayan kamfani, ciyawa na leƙowa ta wuya, malfa a ƙirjinsa ya rungume. Mai gadi ya ce yana zagaye a keke ya hango shi yana yagar kayan masu gida kamar mahaukaci.

Foman ya hau faɗa da Turanci da Larabci. Sabina tana fassarawa, tana ƙarawa da nata, tana rantsuwa rigarsa ce.

"In tasa ce, ya aka yi ta hau baranda?" in ji foman. "Shi ya ba Madam? In ya bayar, me ya sa zai ƙwace? In bai bayar ba, wa ya ɗauka?"

Sabina tana cikin kicin lokacin da na je akwatin, ba ta gani ba. Labaran ya ɗago kai ya dube ni. Sati biyu rabon da ya haɗa ido da ni. Ina tsaye jikin mota da makulli a hannu. Na sunkuya na duba taya kamar iskarta ta ragu.

"Halas, an gama," in ji foman. "Yalla, shiga mota."

Madam ta kira ofis da yamma, in ji Sabina, har da kuka, ta ce ba ta kai ƙara ba, a bar mata mai lambunta. Aka ba ta haƙuri aka ce za a turo mata wani gobe. Kamfani ba ya riƙe wanda mai gadin unguwa ya rubuta sunansa. Aka soke bizarsa, aka ba shi mako guda.

Abin da ya ba ni mamaki, daren Juma'ar bai ko tambaya ko an yi wutar ba, kuma ranar Asabar ya ci shinkafa faranti biyu a kantin wani ɗan Pakistan. Zafin ƙirji ya tafi. Kafaɗarsa ta miƙe. Mutumin da ya rasa aiki yana yawo a masauki yana gaisawa da mutane kamar wanda aka sallamo daga asibiti.

Ranar tafiyarsa na nemi izini na raka shi kasuwar Al Sabkha da safe, ya sayo wa Uwa turare da mayafi, da takalman 'yan matansa. Shuɗiyar rigar ce a jikinsa, a tsakiyar kasuwa, bai damu da masu kallo ba. Muka zauna a benci kusa da tashar bas, na sayo shayi kofi biyu na ajiye masa ɗaya a gefensa. Na juya na dube shi.

"Labaran, Madam fa ba ta san komai ba. Ado kawai take yi irin na ƙasarsu."

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Tun ranar farko. Baturiya ina ta san sammu? Kuma ina ta san tukunya ta uku?" Ya gyara ledar da ke cinyarsa. "Ba ita nake tsoro ba, Halliru. Irin wannan aikin sai na gida, wanda kuke ci kwano ɗaya."

Sai a lokacin na gane gurasar bakin katanga, da gadon bakin ƙofa, da madarar da ya ƙi. Kwana goma sha shida yana kwana ɗaki ɗaya da mutumin da ya yi imani yana neman ransa, yana shiga motarsa safe da yamma, bai gaya wa kowa ba. Kuma a gaban foman, da kalma ɗaya zai iya tafiya da ni, bai faɗa ba.

"Na yi ta tunani," ya ce a hankali. "Na duba tun ranar da na shigo ɗakin nan, ban ga abin da na yi maka ba. Yanzu tafiya zan yi, ka gaya mini. Me na yi maka?"

Hawaye suka zubo mini a gaban mutane, ban iya tsayar da su ba. Na kama hannunsa na rantse da Allah, na rantse da kabarin mahaifina.

"Ba ka yi mini komai ba. Wallahi wasa ne, Labaran. Wasan Bakano da Badamagare. Wasa ne kawai."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ya zare hannunsa a hankali.

"Wanda ya ɗauki rigar Ado taubashinsa ne, abokin wasansa," ya ce. "Da aka tsare shi gaban mai gari, shi ma haka ya ce."

Bas ɗin filin jirgi ta tsaya. Ya saɓa jakarsa, ya kifa malfarsa, ya ce in gaida Sabina, Allah ya sada mu da alheri. Na tsaya har bas ɗin ta sha kwana. Da na juyo in ɗauki wayata a kan benci, shayin da na saya masa yana nan inda na ajiye, bai taɓa shi ba.